Lambar 3.2 da ta cinye mini wata 18

Takardar tana nan a aljihun tebur ɗina har yau, na kasa yaga ta. An rubuta PSA, wato awon jinin da ake duba lafiyar furostet ɗin maza da shi, a gabansa 3.2, can gefe kuma da ƙananan haruffa an nuna cewa daga 0 zuwa 4 lafiya lau ne. Ranar da na karɓo ta sai da na tsaya a hanya na sayi tsire na kai gida don murna. Wata 18 na yi ina yawo da wannan murnar, sankara kuwa tana cikin jikina tana cin karenta babu babbaka.

Abin ya faro ne daga fitsarin dare. Shekarata 60 a lokacin, ban jima da ajiye aikin gwamnati ba. Sau huɗu, sau biyar nake tashi kafin asuba, in na je kuma sai na tsaya ina jira kamar mai jiran ruwan famfo da rani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗigon da ke biyowa bayan na yi tsarki na ɗaura alwala. Duk namijin da ya sha wannan ya san yadda mutum ke tsayawa a sahu alhali hankalinsa na kan wandonsa. Na yi wa wani aminina maganar a majalisa, ya ce shi ma ya yi fama, ya rubuta mini sunan ƙwayoyi biyu a bayan wata takarda. Na je kemis na saya, tamsulosin da finasteride mai miligiram 5. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi aiki. Na koma tashi sau ɗaya, na ce Alhamdulillahi, na ci gaba da saye duk wata ba tare da likita ya taɓa gani na ba.

Bayan kamar wata goma ne 'yata ta fari ta matsa mini lamba, wai ta ji a rediyo cewa duk namijin da ya haura 50 ya kamata ya yi awon jinin furostet. Na je wani ɗakin gwaji don dai in huta da mitarta. Yarinyar da ke cike fom ta ɗago kai ta ce, "Baba, akwai maganin da kake sha?" Na ce mata na hawan jini ne kawai. Nan ne na cuci kaina, da bakina. Sa'ar 'yata ce, ta yaya zan buɗe baki in ce mata ina shan maganin fitsari? Kuma a ganina abin da likita bai rubuta ba ai bai kai a kira shi magani a kan fom ba. Sakamako ya fito, ni na karanta wa kaina, ni na yanke wa kaina hukunci, ban kai wa kowa ba.

Ga abin da ban sani ba. Furostet ɗin nan, wanda jama'a ke haɗa shi da mafitsara har suna cewa sankarar mafitsara, tsoka ce daban mai girman ƙaramin goro, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara ta kewaye hanyar fitsari. Ita ke yin sinadarin PSA, wanda aikinsa shi ne tsinka maniyyi, kaɗan daga ciki kuma yana zubowa cikin jini. In wani abu ya taɓa tsokar, ko kumburin tsufa ne, ko ƙwayar cuta, ko sankara, sai wanda ke zubowa ya ƙaru. Ita kuwa finasteride aikinta shi ne ta motse furostet, kuma in mutum ya yi wata 6 ko fiye yana sha, tana sauke PSA ɗinsa da kusan rabi. Likitoci sun san haka, shi ya sa suke ninka lambar mai shan ta sau biyu kafin su ce komai. Dutasteride ma haka take yi. Tamsulosin ba ruwanta. Ashe 3.2 ɗin da na sayo wa tsire, 6.4 ce ta sa hula.

Uwargida ce ta tona asirin, ba da gangan ba. Da fitsarin daren ya dawo duk da ƙwayoyin, na yarda zan ga likitan mafitsara a wani babban asibiti, sai ta tattara duk wani magani da ke kan durowata ta zuba a leda ta ce, "Malam, ka tafi da su duka, kada ka je kana cewa fara ce, ja ce." An sake awon jini, ya fito 4.7. Na shiga wurin likita da tsohuwar takardata ina nuna masa cewa ai ɗan tashi kaɗan ta yi. Ya zazzage ledar a kan tebur, ya ɗauki kwalin finasteride, ya juya shi, ya ce, "Baba, tun yaushe kake shan wannan?" Na ce ya haura shekara biyu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Biro kawai ya ɗauka, ya rubuta 6.4 a gefen tsohuwar lamba, ya rubuta 9.4 a gefen sabuwa, ya tura mini takardun. Ya ƙara da cewa mai shan wannan ƙwaya, ko yaya PSA ɗinsa ya fara hawa daga inda ya sauka, abin dubawa ne, don maganin ya kamata ya danne shi.

Sannan ya rushe mini sauran abin da na dogara da shi, wato ita kanta lamba 4. Ya ce ba katanga ba ce. A Amurka an taɓa ɗebo naman furostet na maza kusan 3,000 waɗanda PSA ɗinsu bai wuce 4 ba, aka buga sakamakon a 2004, kusan kashi 15 cikin 100 aka samu da sankara. Tsakanin 4 da 10 kuma, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ne ake samu da ita, sauran ukun wani abu ne daban. Na ga wannan ɓangaren da idona daga baya. Wani maƙwabcina nasa ya fito 14, har ya fara kiran 'ya'yansa yana wasiyya, ashe ciwon sanyin mafitsara ne. Aka ba shi magani, aka jira makonni, aka sake awo ya sauko ƙasa sosai. Robar fitsari ma tana ɗaga shi, haka kusantar iyali cikin kwana biyu kafin awo, haka doguwar tafiya a kan keke. Shi lamba ta tsorata shi a banza, ni kuwa ta kwantar mini da hankali a banza. Nawa ya fi tsada.

Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna. Gwajin yatsa, inda likita ke taɓa furostet ta dubura, wanda maza ke gudu kamar mutuwa, bai kai minti ɗaya ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce ya ji tauri a gefe ɗaya. Aka duba wani kaso na PSA da ke yawo a jini shi kaɗai bai manne da komai ba. In wannan kason ya haura 25 cikin 100 an fi zaton kumburin tsufa ne, in ya gaza 10 hankalin likita yana tashi. Nawa 9 ne, kuma wannan lissafin finasteride ba ta cika ɓata shi ba, don tana sauke ɓangarorin biyu tare. Hoton MRI ya nuna tabo, aka ba shi maki 4 a ma'aunin da ke tsayawa a 5. Sai ɗebo nama da allura, wuri 12, biyar daga ciki suka fito da sankara.

A nan na koyi sunan Gleason, wani likitan Amurka da ya tsara yadda ake ba naman maki in an duba shi a madubin likita. Nawa 4+3 ne. Na ce ai 7 ke nan, kuma na ji wani a layi yana cewa nasa ma 7 ne, an ce masa da sauƙi. Likita ya ce nasa wataƙila 3+4 ne. Lambar farko ita ce irin naman da ya fi yawa, saboda haka 4+3 ya fi 3+4 zafi ko da jimillarsu ɗaya. Na sake kama kaina ina karanta lamba ni kaɗai, kamar dai ban ji jiki ba.

Hoton ƙashi ya fito ba komai, aka yi mini tiyata aka cire furostet ɗin gaba ɗaya. Wahalar robar fitsari da yoyon da ya biyo baya na wasu watanni, waɗannan labari ne na wata rana. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne rahoton naman da aka cire: a wuri ɗaya sankarar ta riga ta fasa ɓawon da ke lulluɓe da tsokar. Na tambayi likita kai tsaye, da na zo wata 18 da suka wuce, da ba ta fasa ba? Ya ce, "Baba, wannan Allah kaɗai Ya sani, ba zan ce maka e ba, ba zan ce a'a ba." Amsar gaskiya ce, amma ita ke hana ni barci wani lokaci. Na yarda da ƙaddara. Sai dai na san wanda ya ce wa yarinyar nan maganin hawan jini kawai yake sha.

Yanzu PSA ɗin da ya yaudare ni shi ne mai gadina. Tunda babu furostet, bai kamata a same shi a jinina ba sam. Makonni kaɗan bayan tiyata ya faɗo ƙasa da 0.1, kuma a nan yake har yau. In ya kai 0.2 aka maimaita aka tabbatar, alama ce wani abu ya rage, sai a yi maganar gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura. Wanda aka yi wa gashi tun farko lissafinsa daban ne, don tsokarsa na nan, ana duba ko ya hau da maki 2 sama da mafi ƙanƙantar inda ya taɓa sauka. Saboda haka kada wani ya ɗauki lambata ya auna kansa. Duk wata uku nake zuwa, kuma a ɗakin gwaji ɗaya, don injuna na ɗan saɓawa da juna, kuma a irin waɗannan ƙananan lambobi ɗan saɓani ya isa ya hana gida cin tuwon dare.

Ɗana, da ya shiga intanet, ya dawo mini da jerin sunaye: PHI da 4Kscore na jini, PCA3 na fitsari, Decipher da ake yi a kan naman da aka cire don a ƙiyasta ko sankarar mai saurin bazuwa ce, da hoton PSMA mai gano ta ko ta ɓuya a wuri ƙanƙane. Duk gaskiya ne akwai su, kuma wasunsu suna taimakon likita ya san wa za a huda da allura, wa za a ƙyale. Amma na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Mutumin da ya kasa faɗin sunan ƙwayar da ke aljihunsa, ko gwajin Amurka aka kawo masa gida sai ya ɓata shi.

Wani gwaji guda ne, na gado, ya fi tsaya mini a rai. Likita ya taɓa tambayata ko akwai sankarar mama a danginmu, na yi mamakin me ya haɗa ni da wannan. Yayata da muke ciki ɗaya ita ta yi ajalinta. Ya ce akwai wata ƙwayar gado, BRCA2, wadda in ta samu matsala takan jawo sankarar mama ga mata, ta furostet ga maza, kuma ta mazan takan zo da wuri da zafi. Har magani akwai, olaparib, da ake ba waɗanda tasu ta bazu in an tabbatar suna da wannan matsalar gadon. Ban yi gwajin ba tukuna, kuɗinsa ba na ɗan fansho ba ne. Amma na tara 'ya'yana maza na faɗa musu kada su jira 50, su fara magana da likita tun suna 40 zuwa 45. A Ingila lissafinsu ya nuna baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da wannan cuta a rayuwarsa, alhali a sauran maza ɗaya cikin takwas ne. Ga uba kuma ya yi. Suka yi shiru suna kallon tabarma, irin kunyar da na gada musu.

Aminin nawa da ya rubuta mini sunan maganin ban riƙe shi da komai ba, alheri ya yi nufi. Amma da na warware na je har gida na same shi, na tarar shekara huɗu ke nan yana shan finasteride, bai taɓa awon jini ba. Ya yi ta kawo uzuri, wai jikinsa lafiya, wai fitsarinsa na fita sarai. Na ce masa, "Alhaji, ɗauko leda." Ni na tuƙa shi, kuma da aka zo tambayar magani ban bari ya buɗe baki ba, na ɗora ledar a kan tebur. Nasa ya fito 2.6. Ya juyo yana mini murmushi zai ce ka gani, likita ya ɗauki biro ya rubuta 5.2 a gefe, ya ba shi ranar dawowa.