Abin da tarihin Ashleigh Barty ya koya mini kan gajiyar ɗalibai

Ina koyar da wasanni da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a cikin garin Katsina. Abin da ya fi wuya a aikin nan shi ne rarrabe mai ƙiwa da wadda ta gaji da gaske, don duk bakinsu ɗaya: "Malama, ba zan iya ba." Tarihin Ashleigh Barty, 'yar wasan tanis ta Ostireliya, ya ƙara buɗe mini ido a kan wannan.

Tana da shekara 15 ta ci kofin matasa na Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, a 2011. Kowa ya zuba mata ido, aka shiga yawo da ita ƙasa-ƙasa, nesa da gida. A 2014, tana da shekara 18, ta ajiye wasan, daga baya ta koma buga wasan kurket a birnin Brisbane. Nan ne abin ya fi taɓa ni. Yarinyar da ake ganin za ta ɗaga sunan ƙasa ta ce ta gaji, kuma aka bar ta ta huta. Da an matsa mata, ina ganin da shi ke nan an rasa ta.

Da ƙafarta ta dawo a 2016. Ta ci gasar Faransa a 2019, ta zama ta ɗaya a duniya, ta ci Wimbledon a 2021. A Janairun 2022 ta doke Danielle Collins ta ɗauki kofin Ostireliya, wanda rabon ɗan ƙasar da shi a wasan mutum ɗaya tun 1978. A watan Maris na shekarar ta yi ritaya, tana da shekara 25, tana kan matsayinta na ɗaya. Ta bayyana cewa ƙarfin jiki da zuciyar da wasan ke nema sun ƙare mata.

Tamu yarinyar kafin ta iso fili ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ga Islamiyya da yamma, ga jarrabawa a gaba. Akwai wata gwanar gudu da na ga ta zauna a gindin bedi ana tsakiyar atisaye, ta kwance igiyar takalminta, ta sunkuyar da kai, leɓɓanta duk sun tsage saboda hunturu. Ba ta yi kuka ba. Na ce, "'Yata, je ki huta, gurbinki na nan." Abokan aiki suka ce zan sangarta ta. Da zango na gaba ya kama, ita ta zo ta same ni a ofis tana tambayar ranar fara atisaye.

Ba duka ke dawowa ba, wannan kuwa yana yi mini ciwo ƙwarai. Amma waɗanda na ga an tilasta, da zarar sun gama aji shida ko kusa da fili ba sa sake zuwa. Shi ya sa duk farkon zango nakan zauna da kowace 'yar wasa in tambaye ta ayyukan da ke kanta a gida, kafin in rubuta sunanta a jerin masu zuwa gasa.