Kafin a rage wa tumatir rassa

Manoman rani na Ajiwa da Jibiya, a lura: ba kowane tumatir ake rage wa rassa ba. Gajere irin UC82B da Roma, ganyen ƙasa mai taɓa laka kawai za a cire, don ta nan cuta ke hawa. Dogon da ake ɗaure wa sanda shi ake tsinke wa tohon da ke fitowa tsakanin kara da ganye, tun bai kai yatsa ba, da hantsi bayan raɓa ta bushe.

Masu tsige ganyen sama ne ke ba ni takaici. In an tsige shi, sai zafin ranar Maris ya doki 'ya'yan, gefe guda ya yi fari ya ruɓe. In an taɓa shuka mai cuta, a wanke hannu da sabulu kafin ta gaba.