Godiya ga waɗanda suka taya ni neman barci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa da abokan arziki, na daɗe da wannan saƙo a raina, ƙarfin zama in rubuta ne ya yi wuya. Kaɗan-kaɗan na haɗa shi, wani wurin ma ƙanwata ce ta buga ina faɗa mata daga kwance. Alhamdu lillahi, tun bayan babbar sallah barcina ya fara daidaita. Yanzu nakan kwanta bayan isha'i in samu barci mai ɗan nauyi, in farka da asuba ba tare da jikina yana karkarwa ba. Ban warke ba, kuma ina so a fahimci wannan da kyau, don kada wani ya gan ni a ƙofar gida ya ce ai ta miƙe. Amma dare ya daina zame min abin tsoro, kuma bayan ikon Allah, hannun mutane da yawa na cikin wannan sauƙi.

Da yawa kun tambaye ni wane irin ciwo ne wannan da aka yi ta gwaji ba a ga komai ba. Likitoci suna kiransa ME/CFS, a gida kuwa ciwon gajiya muke ce masa. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya fi kama mata, kuma sau da yawa yakan biyo bayan wani zazzaɓi, kamar yadda nawa ya biyo bayan wanda na yi a lokacin korona. Babu wani gwajin jini guda da ke nuna shi. Alamominsa ake bi, bayan an tabbatar ba wani ciwon ne ya ɓuya ba: gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, barcin da mutum zai yi ya tashi bai wartsake ba, dushewar tunani da mantuwa, sai kuma babbar alamar, wato tsanantar ciwon bayan ɗan aiki kaɗan. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane suka fi kasa ganewa. In na je suna yau na zauna na gaisa da mutane, ba yau zan ji a jikina ba. Yakan ɗauki awa 12 zuwa 48 kafin abin ya faɗo, sannan ya kwantar da ni kwanaki. Ƙarfin mai wannan ciwo kamar kuɗin cefane ne da aka ƙayyade masa: in ya kashe fiye da na yau, bashi ya ci, jibi za a zo karɓa.

Abin da ya fi ba ni wuya a duka shi ne dare. Mutum ya gaji har ɗaga kofi ya zame masa aiki, amma ido ya ƙi rufuwa. In kwanta, ƙafafuna su hana ni sakat, in ji wani abu na yawo a cikinsu har sai na motsa su ko na tashi na taka. Sai gab da kiran sallar farko barci zai ɗauke ni, in tashi da hantsi kaina ya yi nauyi, jikina duk tsami. A hankali rana ta koma min dare, dare ya koma rana. Na sha jin ana cewa, "Yo ina za ta yi barci, tana wuni a kwance?" Wasu sun ce son jiki ne, wasu sun ce damuwa ce kawai, wasu sun ce a nemi na iska. Ban riƙe kowa a zuciya ba, na san akasari tausayi ne ya sa kowa ke kawo nasa. Sai dai kalmar "ki daure" tana da zafi a kunnen wanda dauriyar ce ke ƙara kwantar da shi.

Godiyata ta farko ga likitar da ta zauna ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni da zancen taifot da maleriya ba. Ta sa an duba jinina, da suga, da hanta, da ƙoda, da tayirod, wato wata 'yar halitta da ke gaban wuya. Ta tambaye ni halin zuciyata ba tare da ta nuna cewa ƙirƙirar ciwon nake yi ba. Sannan ta ce matsalar barcin za mu ware ta mu bi ta daban, domin mai wannan ciwo yana iya haɗawa da wata cutar barci da ke da magani, kuma kuskure ne a jingina komai ga ciwo ɗaya. Ta kira Abban yara ta tambaye shi ko ina minshari, ko ya taɓa jin numfashina ya tsaya a cikin barci sannan na yi firgigit. Ta bayyana mana cewa akwai masu irin wannan, hanyar iskarsu ke toshewa da dare ba su sani ba, kuma ana gane su ta gwajin barci, a ba su na'urar da ke hura musu iska. Ni ba ta same ni da alamun wannan ba.

A ƙafafun nan ta gano bakin zare. Ta sa aka auna ajiyar sinadarin ƙarfe a jikina, gwajin da ake kira feritin, aka samu ya yi ƙasa sosai duk da cewa awon jini na yau da kullum bai nuna wani abin tashin hankali ba. Ƙarancinsa na daga cikin abubuwan da ke haddasa wannan rashin natsuwar ƙafa da dare. Ta ɗora ni a kan ƙwayar ƙarin jini, ta ce kada in haɗa ta da shayi domin shayi na hana jiki zuƙe ta, gara in sha da ruwan lemon zaƙi. Ta kuma gaya min cewa maganin mura mai sa gyangyaɗi, wanda ake yawan ba mutane a kemis in sun ce ba sa barci, yana iya ƙara tsananta ƙafafun. Akwai kuma ƙwayoyin kwantar da hankali da wata 'yar uwa ta kawo min da kyakkyawar niyya, na ɗan jima ina sha. Likita ba ta ce in zubar da su a ranar ba. Ta ce irinsu jiki na sabawa da su, tsayar da su farat ɗaya na da haɗari, don haka ta tsara min yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali har aka rabu. Maganin da ta ba ni daga baya don ciwon jiki na dare ba zan faɗi sunansa ba, don na san halinmu, gobe wani zai je ya saya. Abin da zan faɗa shi ne ta fara da ɗan kaɗan ƙwarai, domin masu wannan ciwo magani kan yi musu ƙarfi fiye da sauran mutane. Likita, Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifa, Ya raya miki zuri'a.

Abban yara, ban san ta inda zan fara ba. Likita ta ce a riƙa rubuta yadda barcina yake, ni kuwa lokacin ko biro ba na iya riƙewa da daddare. Kai ka ɗauko ragowar littafin lissafin Auta, ka ja layi da rula, kullum da safe kafin ka fita ka zauna bakin gado ka tambaye ni: yaushe na kwanta, sau nawa na farka, me na ci, me na sha, wane aiki na yi jiya da shekaranjiya. A wannan littafi muka ga abin da ba mu taɓa lura da shi ba, cewa daren da ya fi muni shi ne wanda ya biyo bayan ranar da na ji dama-dama na tashi na yi wanki ko na karɓi baƙi. Da, mun ɗauka in na gaji sosai da rana zan fi yin barci. Ashe a wannan ciwo akasin haka ne, wuce iyaka ne ke sa jiki ya ƙi kwanciya. Ka haƙura da shayin dare da muka saba sha tare, ka ce in ni an hana ni kai ma ka bari. Allah Ya biya ka da gidan Aljanna.

Ina gode wa 'yar ƙanen babana da ke aikin jinya a Ingila. Lokacin da ake ta ba ni shawarar in riƙa fita tattaki ina ƙara nisa kullum har jiki ya saba, ita ta kira ta ce a dakata. Ta gaya mana cewa a watan Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a can, ta janye shawarar irin wannan motsa jiki na ƙari a kai a kai ga masu ME/CFS, ta koma kan cewa mutum ya san iyakar ƙarfinsa ya tsaya a cikinta. Wannan magana ta sauke min nauyi babba, don na daina ganin hutun rana a matsayin laifi. Yanzu ina hutawa kafin gajiyar ta kai ni ƙasa, in kwanta shiru a ɗaki mai duhu ko da barci bai zo ba. Lokacin tashina kuwa ba a fizgo shi da ƙarfi ba, kaɗan-kaɗan aka riƙa jawo shi baya, ina zama a tsakar gida in sha hasken safiya.

Yayyena maza, ku kuka haɗa kuɗi aka sa min sola da fanka a ɗaki. Duk wanda ya san zafin bazara in an ɗauke wuta da tsakar dare ya san abin da kuka yi min. Maƙwabcinmu Alhaji, magana ɗaya Abban yara ya yi maka, washegari ka sa yara suka ɗauke janareta daga jikin katangar ɗakina suka mayar da shi can bayan gida, har da sayen ƙarin waya. Ba dole ba ne a kanka, ka yi. Allah Ya ƙara arziki, Ya bar zumunci.

Hajiya, Allah Ya ƙara girma da lafiya. Ke kika tsaya a gaban dangi kika ce matar ɗanki ba raguwa ba ce, kin san ta tun tana tashi kafin kowa a gidan. Kika kwashe yara kowane ƙarshen mako don gidan ya yi shiru. Umma, kin bar ɗakinki da jikokinki kin zo kin zauna da ni, kina matsa min ƙafa har tsakar dare kina min addu'a. Ba ni da abin biyanku.

Malam na masallacin unguwa, na gode da amsar da ka aiko min. Ina cikin damuwa kan sallah, don tsayuwa na sa ni jiri da bugun zuciya, ga asuba da nake makara. Ka ce in yi a zaune, in ban iya ba in yi a kishingiɗe, kuma wanda barci ya rinjaye shi ya yi sallarsa in ya farka. Ka kuma ce addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Shugabar makarantarmu da malamai 'yan uwana, kun raba darussana a tsakaninku ba tare da kun sa na ji kunya ba. Allah Ya saka.

Ga duk mai fama da irin wannan, ko mai jinyar wani: ku nemi likita ya duba barcin a karan kansa, ku je masa da rubutaccen bayani, ku faɗa masa duk ƙwayar da ake sha har da ta kemis da ta gargajiya, da yawan shayi, kofi ko goro, domin abin da ke cikinsu mai hana barci kan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Ranar 12 ga Mayu ta kowace shekara ce ranar wayar da kai kan wannan ciwo a duniya, kuma in Allah Ya kai mu ina fatan in ƙara rubuta wani abu a kai da Hausa.

Masu son zuwa dubiya, ina marhabin da ku, amma don Allah a kira Abban yara tukuna, a zo mutum ɗaya ko biyu, bayan la'asar, kuma kada a ji haushi in na nemi in kwanta ana cikin hira. Wayata a kashe take daga magariba zuwa safe, saƙonninku kuwa ina karanta su ko da amsa ta yi jinkiri. Wanda ban ambata ba ya yafe min, Allah Ya san shi. Allah Ya ba duk marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti, Ya saka muku da mafificin alheri. Amin.