Na kai eskudo takwas wurin mai wankin gwal

Har yau in na buɗe akwati na ga yadda take ɗaukar ido, sai raina ya ɓaci. Tsohuwar tsabar kuɗi ce ta zinare da ake kira eskudo takwas, bugun Santiyago ta ƙasar Chile a 1751, da kan Sarkin Sifaniya Fernando na shida. Shekara biyu kacal ke nan da gidan buga kuɗin garin ya fara aiki. Ire-irenta da yawa daga jirgin Nuestra Señora de la Luz aka tsamo su, wanda ya nutse kusa da Montebidiyo ta ƙasar Uruguay a 1752. Shekara uku ina tara kuɗi kafin na same ta a wani gwanjo a Madrid.

Da ta iso na ga ta dushe, ga wani ja-ja a lungunan haruffa da kewayen garkuwar. Ni kuwa na tashi ina ganin mata suna kai sarƙa da ɗan kunne wanki kafin biki. Ban yi shawara da kowa ba, na kai wa maƙerin da ke yi wa uwargida aiki. Ya ɗora ta a sikeli, giram 27, ya ce, "Alhaji, wannan gwal ne na gaske, ba ni minti goma." Ya tsoma ta a ruwan magani, ya bi ta da buroshi, ya murza a inji. Na yi ta sa masa albarka.

Sai da na aika ta Amurka wurin masu tantancewa na san abin da na yi. Sun tabbatar ta gaskiya ce, amma sun ƙi ba ta maki, suka rubuta cewa an goge ta. Na sa gilashin ƙara girma na duba kumatun sarkin: ƙananan zane birjik, duk sun bi hanya ɗaya. Dillalin da ya taɓa roƙona in sayar masa, yanzu kuɗin nauyin gwal yake tayawa da ɗan abin da ba a rasa ba.

Ba laifin maƙeri ba ne, aikinsa ya yi. Mai tara irin waɗannan, fatar da shekaru suka yi wa tsabar yake saye, ita kuma na biya kuɗi aka kankare. Don Allah in taka ta zo da dauɗa, bar ta da dauɗarta. Riƙe ta ta baki-baki, ko gefen riga kada ya taɓa fuskarta.

Bara na samu eskudo biyu ta Bogota ta ƙasar Kolombiya, irin mai karkataccen baki da aka buga da guduma. Tana cikin robarta yadda ta zo, ban ma buɗe ba.