Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daren da Na Saurari Kaina

A makon jiya na tsaya a inda aka ba ni aji uku bayan na dawo daga hutun haihuwar autana. Shekarar 2018 ce, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli, kuma da a lokacin wani ya ce mini ban iya koyarwa ba, da mun ɓata. Ga takardar shaidar malanta ta NCE, ga littafin shirin darasi kullum a cike da jan biron hedimasta, idan ajina na karatu kuwa har bakin titi ana jiyo mu.

Yara ɗari da tara ne a rajista, benci goma sha biyu. Sauran a ƙasa suke zama, kan buhunan da suke zuwa da su daga gida.

Da na kwashi adashi, ƙanena ya raka ni kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, na sayi Tecno ta hannu. Shi ya nuna mini inda ake danna wa a naɗi murya. Wata safiya na kunna don in ɗauki waƙar baƙaƙe in tura wa wata abokiyar aikina, na ajiye wayar a kan tebur, na manta ban kashe ba. Sai bayan sallar isha, ina tsintar wake, na ga ashe darasin Hausa gaba ɗayansa ta ɗauka.

Na saurara har ƙarshe, waken yana cinyata ban ƙara taɓa shi ba. Minti talatin da biyar, ni kaɗai nake magana. In karanta jimla daga allo, su maimaita. In ce, "Kun gane?" su ce, "Eee, Malama!" Na mayar baya na ƙirga, sau ashirin da uku na yi wannan tambayar. Sunaye uku kawai na kira, duka 'yan bencin gaba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani wuri da tari ya sarƙe ni a tsakiyar jimla, yara kuma suka ƙarasa ta ba tare da ni ba. Sun haddace ta tun jiya.

Washegari na kira wata yarinya daga can baya, wadda kullum take ɓoye farantin gyaɗarta a bayan ƙofa. Ita ce mai muryar da ta fi ta kowa tashi. Na rubuta "tasa" a takarda na miƙa mata. Ta dubi takardar, ta dubi allo, ta dube ni, sannan ta rero mini jimlar jiya daga farko har ƙarshe. Na nuna mata harafin farko da yatsa. Ta sunkuyar da kai tana murɗa gefen hijabinta. Shekara uku tana zuwa makaranta, ba ta san "t" ba, ni kuma ban sani ba.

Kwana huɗu na yi a ƙarƙashin dalbejiya lokacin tara, ina kiran su ɗaya bayan ɗaya: harafi, kalma, gajeren sakin layi, ɗan labari. Waɗanda suka karanta labarin ba su kai ashirin ba.

Na sami hedimasta a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izinin in raba ajina gida uku."

Ya ce, "Malama, manhaja fa? In masu duba makarantu suka zo, me zan nuna musu?"

Na kunna masa wayar. Bai kai minti biyar yana ji ba ya ce in kashe, ya ba ni awa ɗaya ta farkon safiya, sauran lokacin in bi manhaja. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai jin magana.

'Yan rukunin baƙaƙe na yanka musu kwalin sukari, kowane yanki harafi guda, suna haɗa baƙi da wasali: ba, bi, bu. Wanda ba shi da littafi ya rubuta a ƙasa da yatsa. 'Yan rukunin kalma na ba su gaɓoɓi su harhaɗa, "ka" da "za", su ga kaza ta fito da hannunsu. A lissafi muka koma tsinken tsintsiya, goma-goma a ɗaure da kyauro. Yaron da ya kwance ɗauri guda da kansa don ya cire bakwai daga ashirin da uku ba ya sake tambayar mene ne "aro". Na rubuta sunayensu a 'yan takardu na zuba a gwangwanin madara. In na yi tambaya sai in ƙirga biyar a zuciyata kafin in zaro suna, kuma wannan shirun ya fi komai yi mini wuya. "Kun gane?" kuwa na haramta wa bakina ita. Sai dai in ce kowa ya rubuta ya ɗaga in gani.

Sai daga baya, a wajen wata bita, na ji cewa ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, har tsarin ya iso Arewa. Na ji daɗi ƙwarai, domin abin da nake lalube a duhu ashe wasu sun share masa hanya.

Wayar ma ta sami aikinta. Na taɓa gwada nuna musu bidiyo, yara ɗari suka yi caa a kan allon da bai wuce tafin hannu ba, aka tashi da kuka, ban sake ba. Abin da ya yi amfani shi ne murya. Da dare nakan karanta labari a hankali in naɗa, da safe in haɗa da wata 'yar sifika, masu karatun labari su bi da yatsa a takarda, ni kuma in durƙusa wajen 'yan baƙaƙe. Tun da ba mu da wuta, kullum sai na biya mai caji, amma ban taɓa jin ƙyashin kuɗin ba. Ranar Juma'a kuma nakan ɗauki muryar yara biyar suna karatu, in adana, bayan wata guda in kunna musu tsohuwar da sabuwar.

Mai gyaɗar nan, a ƙarshen zango na biyu, ta karanta layi huɗu tana tsayawa a kowace gaɓa. Da na kunna mata ta ji kanta, sai ta rufe baki da hannu biyu ta ce, "Malama, don Allah ki kai wa Innata ta ji." Da yamma na je gidansu. Uwar tana surfe, ta jingine taɓaryar, ta saurara sau uku, ta ce in bari sai malam ya dawo daga gona.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, na koma bin gida-gida da rediyo a jaka.