Lamba ashirin, kuma ba na yarda ko ɗaya ta kauce

Shagona yana Dorayi a Kano, kuma hajata ba ta cika ko kwali ɗaya ba: katin wuta nake sayarwa. Ka turo mini lambar mitarka da kuɗinka, in turo maka lambobi 20 ka danna, wuta ta shiga. Mutane na ganin ai kowa ma zai iya, tunda ga OPay ga manhajojin banki. Gaskiya ne, kowa zai iya saye. Ranar da mita ta ƙi karɓa, a nan ake sanin wanda ya iya.

Da wayarin na fara, yaron shago, tun ana kiran kamfanin wuta PHCN, kafin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya karɓi Kano da Katsina da Jigawa a 2013. Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, idan ya aike ni kwafo lambar mita, sai na karanta masa ita sau uku. Na taɓa juya 6 ta zama 9, na sha ranƙwashin da har yau nake tunawa. Shi ya sa ba na tura ko sisi sai sunan mai mitar ya fito a wayata na karanta wa mai saye. "Hajiya, wannan ne sunan?" Sai ta ce e nake dannawa. Katin da aka saya wa wata mita ba zai taɓa shiga taki ba, kuma dawo da kuɗin tafiya ce mai nisa.

Yaran nan da ke kafa lema a bakin titi da waya ɗaya ba su san wannan ba. Ba duba suna, ba rasit, su rage naira hamsin su janye mutane. Idan ta ɓaci, wurina ake kawo kukan.

An ga bambancin a ƙarshen 2024. Kowane kati yana ɗauke da lokacin da aka fitar da shi, a wancan lokacin ana ƙirga mintoci tun daga farkon 1993, kuma ƙirgen ya cika a ranar 24 ga Nuwamba. Ya zama dole kowace tsohuwar mita ta karɓi katin sauya makulli guda biyu, wato masu sabunta mita ta gane sabon kati, kowanne lamba 20, ɗaya bayan ɗaya, sannan katin wuta ya biyo. Wanda ke da tsohon kati a aljihu kuwa, sai ya fara loda shi kafin a sauya makullin, in ba haka ba mita ta daina gane shi. Makonnin nan a kan babur na yi su, gida-gida, da tocila a baki, ina danna wa tsofaffi lamba a zaure. Wani dattijo ya ba ni goro biyu ladan aiki, na karɓa da hannu biyu.

Masu ciniki kuwa sai haƙuri. Da NERC, hukumar kula da harkar lantarki, ta kai kuɗin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, dubu biyar da ke kawo yunit kusan saba'in ta koma ashirin da 'yan kai. "Malam, ƙara mini ko biyar mana." Yallaɓai, ba tumatir ba ne, babu gyara. Sai in buɗe rasit in nuna masa harajin VAT, in nuna masa inda aka cire tsohon bashin gidan, wanda sau da yawa ɗan hayan da ya tashi ne ya bari. Wasu daga nan sai su rage murya, su tambaya ko zan jona musu waya ta bayan mita. Na iya wayarin sarai, amma wannan ba na yi.

Wayata a kunne take har sha ɗayan dare. Idan ba ka tabbatar da lambar ba, ɗauki hoton fuskar mitar ka turo ta WhatsApp, ni zan karanta da kaina.