Daga sanda zuwa sitiyari: abin da neman lasisin PPL ya koya mini

Shekara huɗu na yi ina tuƙa ƙaramin jirgin nan marar nauyi da muke kira ULM, irin wanda ake rataya kujeru biyu da inji a ƙarƙashin fiffike guda, kafin na yanke shawarar neman lasisin matuƙi mai zaman kansa, wato PPL. Na san sararin Garwa da ke arewacin Kamaru kamar tafin hannuna, daga gadar kogin Binuwai har zuwa madatsar Lagdo, saboda haka na shiga karatun da zaton cewa ƙwarewar hannuna za ta rage mini rabin hanya. Abin da ya faru shi ne, wannan ƙwarewar ce ta fara zama mini cikas.

A ULM mai rataye, matuƙi yana riƙe da sanda ce da ke haɗe da fiffiken kai tsaye. Idan yana son hancin jirgi ya ɗaga sai ya tura ta gaba, idan yana son karkata dama sai ya kai ta hagu, kuma a ƙasa ƙafar dama ake takawa domin a juya hagu. A Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu da na koma kanta, kowane ɗaya daga cikin waɗannan akasinsa ake yi. Kaina ya fahimci haka a rana ɗaya, amma hannuna ya ɗauki watanni. A saukata ta shida, muna dab da taɓa titi, wata iska ta ɗaga mu ba zato, sai hannun nan ya koma ga abin da ya saba, na tura sitiyari gaba a daidai lokacin da ya kamata in riƙe shi. Malamina, wani dattijo da ya daɗe a wannan sana'a, ya ce da ƙarfi, "Saki, jirgi na hannuna!" Ya ba shi wuta muka sake tashi. Bayan mun sauka ya kashe inji, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba na jin tsoron ɗalibin da bai san komai ba, domin shi yana jira a gaya masa. Kai kuwa hannunka yana riga ka yanke shawara." Na ce, "Gaskiya ne, Malam," domin ba ni da ta cewa.

Nauyi ma ya canja komai. ULM da an rage masa wuta yake zubar da gudunsa, don haka mun saba zuwa titi da gudu a ajiye. Jirgin da ya haura tan ɗaya cike da kaya kuwa ba ya sakin gudunsa da sauƙi, kuma ƙarin gudu kaɗan a kan abin da littafinsa ya faɗa ya isa ya sa shi shawagi a saman titi yana cinye shi.

Amma darasin da ya fi shiga jikina a kan tebur na koye shi, da fensir da takarda. A da nakan duba sama, in ji iska a fuskata, in tashi. Karatun PPL ya tilasta mini lissafa abin da zafi yake yi wa jirgi. Iska mai zafi sakayau ce, fiffike da farfela ba su samun abin kamawa sosai, inji kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce, duk digiri ɗaya da zafi ya haura ma'aunin zafin da aka ɗauka na daidai ga tudun wurin, jirgi yana ji kamar an ɗaga filin da ƙafa 120. Filin jirgin Ngaundere yana kan tudun Adamawa, sama da ƙafa 3,600 daga matakin teku, inda ma'aunin daidai bai wuce digiri 8 ba. Idan rana ta kai digiri 32, jirgin yana tashi ne kamar daga wajen ƙafa 6,500: gudunsa a titi ya tsawaita, hawansa ya yi nawa. Garwa ba ta kai ƙafa 800 ba, amma wanda ya san zafin Maris da Afrilu a nan, lokacin da ake wuce digiri 40, ya san cewa mu ma ba mu tsira ba. Ga kuma lissafin nauyi da daidaito. Litar man jirgi ɗaya tana da nauyin kilo 0.72, kuma kujeru huɗun Cessna ba su nufin manya huɗu da jakunkunansu da cikakken tanki. Ranar da na zauna na lissafa wasu tafiye-tafiyen da na yi a ULM da fasinja da tsakar rana, jikina ya yi sanyi, domin na ga cewa tsawon fili ne da kiyayewar Allah suka rufa mini asiri.

Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta tanadi aƙalla awa 40 na tuƙi, goma daga ciki ɗalibi shi kaɗai, har da tafiya ɗaya ta kilomita 270 da zai sauka a filaye biyu dabam. Sai gwajin lafiya mai daraja ta biyu, wanda ban taɓa yin irinsa ba, da magana da hasumiyar filin jirgi ta rediyo cikin kalmomi ƙayyadaddu, inda dole ka maimaita umarnin da ma'aikacin ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararinmu, ya ba ka domin ya tabbata ka ji daidai. Na wuce awa 40 nesa ba kusa ba, kuma tsadar man jirgi, idan aka kwatanta da fetur ɗin mota da injin Rotax na ULM yake sha, ta sa kowace awa ta yi wa aljihuna nauyi.

Tafiyata ni kaɗai ta faɗo a lokacin hunturu, zangon farko daga Garwa zuwa filin jirgin Marwa-Salak. Sau uku na shirya, sau uku na fasa, domin hazo ya hana a ga nisan kilomita 5 da ƙa'ida ta nema. A karo na uku raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ai na sha tashi a ULM cikin hazon da ya fi wannan, ina bin kwalta daga sama. Malam bai yi gardama ba. Washegari ya ɗauke ni, ya sa mini abin rufe gani ta yadda ba na ganin komai sai agogunan jirgi, ya ɗan juya mu, sannan ya ce in miƙe. Na rantse a raina cewa mun miƙe, alhali agogo yana nuna muna karkace muna gangarawa. Kunnen ciki yana yaudarar mutum da zarar iyakar sama da ƙasa ta ɓace masa, kuma hazon hunturu abin da yake fara ɗaukewa ke nan. Tun daga ranar fasa tafiya bai ƙara yi mini ciwo kamar da ba.

Ban bar ULM ba, kuma ba na ganinsa ƙasa da Cessna. Shi ya koya mini jin iska da neman filin sauka a kowane lokaci, abin da wasu abokan karatuna suka sha wuya a kansa. Sai dai yanzu ba na tashi da shi ba tare da na auna nauyi na duba zafi ba. Kuma duk wanda na hau cikin biyun, kafin in ba shi wuta nakan ɗora hannu a kan sanda ko sitiyari, in faɗa a fili wane jirgi ne wannan da kuma ta ina hancinsa yake ɗagawa.